Awa Nawa Ne Zuwa Can? Lissafin Waya da Lissafin Mai Amalanke

A bazarar da ta wuce na raka ɗan ƙanwata, wanda malamin gona ne, zuwa wani ƙauye da ke kudu maso gabas da Matamaye. Babur ɗinsa ya ƙi tashi tun safe, aikin kuma ba mai jira ba ne, sai muka ce mu taka da ƙafa. Kafin mu fita ya buɗe wata manhaja a wayarsa, ya dangwala inda muke, ya dangwala inda za mu. Nan take ta ja shuɗin layi, ta rubuta kilomita 12, awa 2 da minti 24.

"Kawu, ai kafin azahar mun isa mun huta," in ji shi.

A bakin gari muka tarar da wani dattijo yana ɗaura wa jakinsa amalanke. Muka gaisa, na ce, "Baba, ƙauye kaza da nisa?" Bai amsa nan da nan ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi takalman da ke ƙafarmu, sannan ya tsayar da ido a kan 'yar gorar ruwan da muka rataya.

"Da kun tashi da asuba, da hantsi ya same ku can. Yanzu kam, 'ya'yana, sai la'asar. Ku koma ku ƙaro ruwa."

Muka ƙaro ruwan. Muna shiga ƙauyen ladan yana kiran la'asar.

Tun ranar nake juya abin a raina, domin wayar da dattijon duk lissafi suka yi, babu wanda ya yi duba a cikinsu. Wayar ba ta yi ƙarya a kan nisa ba, kilomita 12 ɗin ne. Abin da ya raba su shi ne abubuwan da kowannensu ya zuba cikin lissafinsa. Kuma tunda waɗannan manhajoji sun shiga aljihun malaman gona, da ma'aikatan rigakafi, da masu ƙidaya, da 'yan kabu-kabu, ya kamata mu san abin da ke cikin cikinsu.

Tushen lissafin ya girmi waya nesa ba kusa ba. A 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya rubuta ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa: a ba kowane mil 3, wato kusan kilomita 5, awa guda, sannan a ƙara awa guda a kan kowace ƙafa 2,000 ta hawa, kimanin mita 600 ke nan. Raba 12 da 5, za ka samu awa 2 da minti 24 daidai, lambar da wayar ɗan ƙanwata ta ba mu. Ashe abin da muka ɗauka sabon ilimi ne, ƙiyasin wani ƙaƙƙarfan Bature ne da ya yi yawo a tsaunukan ƙasarsu mai sanyi fiye da shekara 130 da suka wuce, ba kaya a kansa, ba goyo a bayansa. Waɗanda suka biyo bayansa sun yi ta gyara masa, wani ya ƙara lissafin gangara, wani ya ƙara na gajiya. A Suwizalan wani jagoran masu hawan dutse, Werner Munter, ya kawo tasa hanyar: kilomita ɗaya maki ɗaya, hawan mita 100 shi ma maki ɗaya, sai a tara makin a raba da wata lamba gwargwadon irin tafiyar, 4 ga mai hawa da ƙafa, 2 ga mai kutsawa cikin sarƙaƙiya. A 1993 kuma masanin taswira Waldo Tobler na Amurka ya mayar da abin lissafin da kwamfuta za ta iya haɗiya. A wurinsa mutum ya fi sauri, kilomita 6 a awa, idan yana bin 'yar gangara mai sauƙi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana yin kusan 5. Idan ya bar turba ya faɗa daji sai a ɗauki kashi uku cikin biyar na saurin.

Abin da manhaja ke yi shi ne ta ɗora irin wannan lissafi a kan taswira. Tana yanyanka hanyoyi gaɓa-gaɓa, ta ba kowace gaɓa lokacin da za a ɓata wajen ratsa ta, sannan ta nemo jerin gaɓoɓin da jimillarsu ta fi ƙanƙanta, da wata dabara da Edsger Dijkstra ɗan Holan ya wallafa a 1959. Tudu da kwari kuwa yawanci daga awon da kumbon Endeavour ya yi ne a watan Fabrairun 2000, lokacin da ya kwana 11 yana zagaya duniya yana auna doron ƙasa da na'urar rada. Hanyoyi kuma, a manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps waɗanda ke aiki ko babu intanet, daga OpenStreetMap ake ɗebo su, taswirar da 'yan sa kai ke zanawa tun 2004.

To, a lura da abin da duk waɗannan mutane suka damu da shi: hawa da sauka. Abokin gabar matafiyi a ƙasashensu dutse ne. Mu kuwa daga Kance zuwa Matamaye har Ɗan Barto a bakin iyaka, ina dutsen da zai ci maka awa? Ƙasarmu shimfiɗe take, sai 'yan tuddan jigawa da kwarin korama. Saboda haka rabin hikimar manhajar, rabin da aka fi wahala a kansa, ba ya aiki a nan. Abin da ya rage mata shi ne raba nisa da 5, wanda ɗan makarantar firamare ma zai yi a ƙasa da tsinke. Abubuwan da ke cin lokacinmu kuwa ba ta ganin su.

Na farkonsu rairayi. Wanda bai taɓa taka jigawa a watan Afrilu ba ba zai gane ba. Ka sa ƙafa ta nutse har idon sawu, ka tura ta zame baya, kowane taku sai ka biya shi sau biyu. Wannan ba ƙorafin rago ba ne, an auna shi. A 1972 wasu masu bincike na rundunar sojan Amurka, Soule da Goldman, sun gwada ƙarfin da jiki ke ƙonawa a ƙasa iri-iri. Suka sa kwalta a matsayin 1, hanyar ƙasa mai tauri 1.1, daji mai duhu 1.5, fadama mai caɓi 1.8, sako-sakon yashi kuwa 2.1. Wato rairayi ya fi laka cin mutum. Ilimin yana nan a rubuce, amma don manhaja ta yi amfani da shi sai ta san inda rairayin yake da yadda yake a yau, alhali hanyar da ta yi tauri kamar daɓe bayan ruwan Agusta ita ce ke komawa turɓaya a bazara idan garken shanu da amalanke sun gama niƙe ta. Hoton tauraron ɗan Adam yana nuna farin zare ya ratsa gonaki. Ba ya faɗa maka ko zaren zai ɗauki ƙafarka.

Sai rana, wadda ita ce ainihin abin da dattijon nan ya duba. Manhaja ta ɗauka awa awa ce, ta ƙarfe shida na safe da ta ƙarfe ɗaya na rana duk ɗaya. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, wannan kuskure ne mai iya kai mutum kushewa. Mu a ranar, da rana ta take sai da muka shige ƙarƙashin wani gawo, muka zauna kusan awa biyu ba mai cewa uffan, ƙarangiya ta cika mana bakin wando, ruwan gora ya yi ɗumi kamar na alwala a hunturu. Allah ya sa gawo a rani yake ganye, ƙasar Matamaye da Magarya da Mirya kuma ta yi suna wajen renon sa a gonaki, ba don haka ba da ban san inda za mu fake ba. Wannan zaman ba ɓata lokaci ba ne, wani ɓangare ne na tafiyar, kamar yadda sallar azahar da muka yi a wurin take ɓangarenta. Shi ya sa Bahaushe ba ya ba ka tsawon tafiya a ware da lokacin tashi. Zai ce tafiyar hantsi ce, ko yini guda ne, ko in ka yi sammako ka ci kasuwa ka dawo. A cikin jimla ɗaya ya haɗa maka nisa, da zafi, da hutu.

Damina ita kuma tana sake zana taswirar gaba ɗaya. A rani kana iya yanke ta cikin gonaki ka miƙe sak. Da an yi shuka, wannan hanya ta mutu sai bayan girbi, domin ba mai hankalin da zai ratsa geron mutane, balle da dabba. Dole ka bi burtali ko gefen gona, kilomita 12 ta koma 15. Kwarin korama da ake noman rake da rogo a cikinsa, wanda kake tsallakewa ba tare da ka tuɓe takalmi ba, sai ya cika ya raba ƙauye da ƙauye na kwana da kwanaki. Kwazazzabon da ruwan bara ya haƙa bai wanzu ba lokacin da kumbon 2000 ya wuce ta samanmu.

Akwai binciken da ya ɗauki wannan batu da muhimmanci, kuma a kan Nijar aka yi shi. A 2012 Justine Blanford da abokan aikinta suka wallafa nazari a kan nisan jama'a da cibiyoyin lafiya, suka yi lissafin rani daban, na damina daban. Suka samu cewa kashi 39 cikin 100 na mutanen ƙasar ne ke iya isa cibiyar lafiya cikin awa guda da ƙafa a rani, da damina ta sauka kuwa sai adadin ya faɗo zuwa kashi 24. Sun kuma ga cewa yaran da ke cikin tazarar awa guda sun fi samun cikakken rigakafi. A nan ne nake ganin darajar wannan fasaha, kuma ba ƙarama ba ce. A Turai da Amurka an ƙera ta ne domin mai yawon shaƙatawa ya san ko zai dawo mota kafin duhu. A wurinmu tambayar ita ce ko mai naƙuda da aka shimfiɗa a amalanken shanu za ta kai asibitin Matamaye da ranta, kuma a wane ƙauye ya kamata a gina ɗakin shan magani na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da manhaja mai suna AccessMod da aka yi domin irin wannan lissafi. A arewacin Najeriya ma, tun wajen 2012, masu yaƙi da shan inna sun riƙa haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da wayoyin da ke bin sawun ma'aikatan rigakafi, aka gano rugage da ƙauyukan da taswirar hannu ta tsallake, aka kuma gane inda aka ɗora wa ayari ɗaya aikin da ba zai yiwu a yini guda ba. Duk wanda ya ce wannan wasan yara ne bai taɓa ganin uwa ta yi tafiyar rabin yini da yaro mai zazzaɓi a baya ba.

Amma ko a wannan fage akwai abin da ke damuna. Lambar da ake sawa a matsayin saurin mai tafiya, saurin wa ke nan? Wanda ke zuwa asibiti ba lafiyayyen saurayi ba ne. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ko mace mai ciki wata tara, ko uba ɗauke da ɗa a kafaɗa. Kafin a tashi ma sai an nemo mai amalanke, shi kuma sai ya kamo shanun daga gona. Ayari kuwa da saurin mafi rauninsa yake tafiya. Idan jami'in da ke zaune a ofis a Damagaram ko Yamai ya ga taswira ta shafa wa wani ƙauye koren launi, alamar yana cikin awa guda, zai iya cire shi daga jerin masu buƙata, alhali a ƙasa tafiyar awa uku ce. Lamba mai minti a jikinta tana da kwarjini. Awa 2 da minti 24 ta fi "sai la'asar" kama da gaskiya a kunnen ɗan boko, ko da kuwa "sai la'asar" ɗin ce ta tabbata.

Kakanninmu ba su raina wannan ilimi ba, sana'a ce sukutum. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, kuma ba da mil suke ƙirga ba, da zango suke yi. Zango ba tsayayyen awo ba ne: inda ruwa yake, inda dabba za ta samu abin ci, inda za a kwana lafiya, nan ne ƙarshen tafiyar yini, ko ta yi tsawo ko ta gajarta. Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, kuma da yawa daga hanyoyin da ya rubuta bai taka su da ƙafarsa ba, daga bakin fatake da alhazai ya kwashe su zango-zango. Masu ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma har yau da raƙumansu suke ɗaukar harawar da za su ci, domin babu abin kiwo a hanya. A wurinsu ƙirga kwanaki ƙirga damin ciyawa ne da salkar ruwa. Wanda ya yi kuskuren kwana biyu ba makara ya yi ba.

Mutanen yankinmu sun san haka da hawayensu. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su, kuma akasarinsu daga ƙasar Kance suka fito. Ba zan ce wata manhaja za ta cece su ba. Talauci ne ya fitar da su, masu safarar mutane kuma suka bi da su ta ɓarauniyar hanya. Na kawo zancen ne domin a ga nauyin abin da muke magana a kai. Har yanzu mutanen da ake korowa daga Aljeriya ana sauke su a wani fili a bakin iyaka, su taka kusan kilomita 15 zuwa Asamaka. A lissafin Naismith awa uku ce cif. A cikin yashi, da yunwa, da yara, ba inuwa ba alamar hanya, akwai waɗanda ba sa isa. Jikin da ke tafiya cikin irin wannan zafi yana iya zubar da litar ruwa guda ko fiye a kowace awa. Saboda haka duk manhajar da ta rage maka awa biyu a lissafi, lita biyu ta zare daga gorarka ba ka sani ba.

Ni dai ban ce a jefar da waya ba. Wayar ta san abin da dattijon bai sani ba. Ta san nisan inda bai taɓa zuwa ba, tana nuna maka inda kake cikin dare ko cikin ƙurar hunturu lokacin da kowane gawo ya yi kama da ɗan'uwansa, kuma ba ta cewa "nan kusa ne" don ta kwantar maka da hankali, abin da mutanenmu suka ƙware a kai har baƙo ya galabaita. Dattawan da suka san kowace turba kuma suna ƙarewa, jikokinsu a kan babur suka tashi. Abin da nake so shi ne manhajar da za ta yi tambayoyin da dattijon ya yi da idonsa. Yaushe za ka tashi? Wane wata muke ciki? Da ƙafa ne, ko jaki, ko amalanken shanu, ko babur? Su wa ke tare da kai, me kuka ɗauko? Sannan ta amsa da tazara, ta ce tsakanin awa uku da rabi zuwa biyar, ta nuna rijiyar da ke kan hanya, ta faɗi ruwan da za a ɗauka, kuma ta yi magana da Hausa a bayyane domin wanda bai yi karatu ba. Idan za ta ce "in ka tashi yanzu sai la'asar", ta fi min wadda ke ƙirga minti.

Wannan ba abin da ya gagara ba ne. Lissafin a buɗe yake, taswirar OpenStreetMap kowa na iya gyara ta, har da rubuta cewa hanya kaza yashi ce ko tana yankewa da damina. Abin da babu shi ne awon da aka yi a ƙasarmu da ƙafafun mutanenmu. Kowace wayar zamani tana iya ajiye sawun tafiya da lokacinta. Da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram za su ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu, su bi masu amalanke da mata masu zuwa kasuwa da ma'aikatan rigakafi na shekara guda, rani da damina, da sun fitar da lambobin da babu wani a duniya da ke da su. Sai dai a yi shi da yardar mutane, kuma a san abin da ake bayyanawa, domin sawun makiyayi da wurin da yake shayar da dabbobinsa sirrinsa ne, a zamanin da ɓarayin shanu ma suna da waya.

Ɗan ƙanwata bai jira kowa ba. Mun kwana a ƙauyen, muka yi sallar asuba muka kamo hanya da sanyin safiya, rairayin ma kamar ya ɗan kwanta, muka shigo Matamaye cikin awa uku da rabi. Wayar a dawowar ma awa 2 da minti 24 ta ce. Tun daga ranar ya sayi ƙaramin littafi yana sa shi a aljihun gaba. Duk ƙauyen da ya je sai ya rubuta wata, da lokacin tashi, da abin hawa, da abin da waya ta ce, da abin da ya tarar. Da na leƙa littafin bayan kaka, ƙauyen da muka je ya fito sau huɗu. A layin Agusta ya rubuta cewa gero ya rufe yanke, ya bi burtali, korama ta kai masa gwiwa, ya tura babur da hannu daga bakin fadama har gindin tsamiyar da ke shigar gari.